Tukunyar da Ta Mai da Kununa Bira

Matata Hajiya ta rasu bayan alhazai sun watse, kuma ba a daɗe ba mai benen da muke haya a unguwar Utaibiyya ta Makka ya tuna cewa ajiye tukunyar gas a saman rufi haɗari ne. Shekara da shekaru tana can a lungun bayan tankin ruwa, Hajiya na dama kunu a kanta duk azumi, bai taɓa ganin haɗarin ba. Matarsa ma tana aiko da jug a cika mata. Sai da aka kai mai kunun makwancinta idonsa ya buɗe. Ya turo mai gadi ya ce in sauke dabbar. Haka ake kiran tukunyar gas a nan, dabba, kuma ranar ta ci sunanta, don muna saukowa da ita a matakala ta taka min babban yatsa.

A ƙaramin masallacin unguwarmu, in azumi ya zo, ana shimfiɗa sufra, doguwar ledar nan da ake jera kayan buɗa-baki a kai. Kowa da abin da aka san shi da shi. Wani dabino, wani sambusa, wani addu'a kawai yake kawowa da ciki. Nawa shuɗiyar kula ce ta kunun zaƙi, wurinta tsakiyar sufra dab da ginshiƙi. Mu tsofaffin da rusau ya taso daga unguwar Misfala, wannan kular muke zagayewa. Duk wanda ya kurɓa sai ya ce Allah ya saka wa Hajiya, ni kuma in ce amin da ƙarfi kamar ni na yi ɗawainiyar.

To yanzu ba Hajiya. Ba ni da halin haƙa mata rijiya, masallaci kuwa ko tabarmarsa sai na yi shiri. Abin da na ƙudura shi ne kular nan ta koma wurinta, duk wanda ya sha ya ce Allah ya jiƙanta. Bakin masu azumi, a garin nan, kowace yamma. Iyakar abin da nake nema ke nan, kuma na ga bai fi ƙarfin tsoho ba.

Ɗana, wanda nake zaune a gidansa, a nan aka haife shi, yana aiki a wani kamfanin motocin alhazai a Kudai. Hausarsa irin ta rigar aro ce, yana sa ta in zai yi magana da ni, ya tuɓe da zarar ya juya. Da na gaya masa niyyata sai ya ce, "Abuya, me ya sa wahala? Sobiya tana nan a leda, mu saya, mu zuba a kula, khalas."

Na ce, "Uwarka za a yi wa sadaka da ruwan burodin da wani ya jiƙa?"

Ya ɗaga kafaɗa. Matarsa, baiwar Allah, ta ce in yi a murhunta. Murhun wani baƙin gilashi ne, ba harshen wuta ba hayaƙi, kamar talabijin da aka kwantar. Na ɗora tsohuwar tukunyar Hajiya a kai, ya yi ƙara sau biyu ya ƙi ta. Ashe har murhu yanzu yana zaɓen wanda zai yi hulɗa da shi. Daga nan na san sai na nemi tukunya mai lantarki ta kaina.

Karatuna na allo ya tsaya inda Allah ya tsayar da shi, na boko kuwa ban yi nisa ba malamai suka gane ba ni da laifi suka sallame ni. Saboda haka na ɗauki mai ba da shawara, abokina Bazazzagi, wanda bai fi ni komai ba sai surutu. Tun muna samari muke tsokanar juna, ya ce Kanawa ba su san komai ba sai riba, in ce Zagezagi har yau ba su gano akwai mace a duniya ba. A bakinsa kowa namiji ne. Ranar jana'iza yana kuka yana cewa, "Hajiya mutumin kirki ne, ya iya kunu." Har ta koma ga Allah bai yarda ta zama mace ba.

Muka tafi layin masu sayar da kayan gidajen abinci, shagon wani ɗan Yaman. Ya tambaye ni me zan dafa. Na gyara tsayuwa na yi masa lacca da Larabcina na kasuwa, wanda Larabawa ke ji da haƙuri.

Na ce kunun zaƙi ba wuta ce ke yinsa ba, ɗumi ne. Za ka jiƙa gero, ka niƙa da citta da kanumfari, ka sheƙa wa ƙullun tafasasshen ruwa ya yi kauri kamar zai zama tuwo. Sai ka jira ya huce daidai yadda yatsa zai iya zama a ciki ba ihu. Nan ne ake zuba garin tsiro, wato hatsin da aka jiƙa har ya fara fitar da ƙafa aka shanya. In da zafi sosai, tsiron ya mutu. In ya yi sanyi, ya yi barci. In an dace kuwa, abin nan mai kauri zai saki jiki ya zama ruwa, zaƙi ya fito daga hatsin kansa. Hajiya da tsohon bargo take naɗe tukunyar don ɗumin ya daɗe, ma'auninta kuma yatsanta ne, yatsan kuwa an binne shi tare da ita. Don haka ina son tukunyar da ta san ɗumi, ta kuma iya riƙe shi.

Ɗan Yaman ya ce ya gane, kamar sobiya. Na ce kamar sobiya, in sobiya ta yi karatu.

Ya fara nuna mana babbar butar shayi irin ta masaukin alhazai. Kyakkyawa, da famfonta. Na leƙa ciki na ga ƙarfen zafin a fili yake a gindi. Ƙullu na taɓa shi zai kama, kunu ya yi ƙauri, a ce Hajiya ta tafi da albarkar. Kuma ita abu ɗaya ta sani, ta tafasa ta kashe kanta. Na ce a'a.

Ya jawo tukunyar shinkafa, wadda za a iya yi wa jariri wanka a ciki. Bazazzagi ya ce, "Wannan ne, Bakano. Tukunyan nan ya yi." Na ce ba ta da famfo, wa zai ɗaga ta a cike ya tuttule a kula, ni da bayana ke ƙara in na yi ruku'u? Kuma maɓallinta biyu ne, dafa da jira, ba ta san akwai wani abu a tsakani ba, kamar wasu malamai.

Muna shirin fita sai ya ce mu tsaya. Ya shiga can ƙurya ya turo wani kwali da ƙafa. Wani mai gidan shayi ne ya sa aka kawo, bai dawo ba. Ya buɗe. Doguwa ce ta farin ƙarfe, ta kai min gwiwa da ɗoriya, ga famfo a ƙasa, ga wani kwando mai ƙananan huji da ke shiga cikinta a ɗago shi da hannu, ga agogon zafi da abin murɗawa a gefe. Ƙarfen zafin a ɓoye yake ƙarƙashin gindi. Ka ce mata ga ɗumin da kake so, ta tsaya a nan har sai ka sallame ta. Na tambaye shi ta mece ce. Ya ce wallahi bai sani ba, wataƙila ta romo. Rubutun jikin kwalin ba Larabci ba ne, mu uku muka kalle shi da girmamawa muka wuce.

Bazazzagi ya zagaya ta ya ce, "Wannan ai injin wanki ne. Ka saya, ko rigunanka sa ga ruwa."

Na saya. Na haɗa da ƙaramin injin niƙa irin na masu ta'amiya, ƙosan Larabawa, don na riga na gwada na lemon surukata ya yi warin ƙonewa, muka yi kwana biyu tana gaishe ni a taƙaice. Abin tata kaɗai ban saya ba, farin mayafin Hajiya na nan da ta keɓe don haka.

A gida aka sami sabuwar matsala. Benen tsoho ne, wutarsa iri biyu ce, mai rauni da mai ƙarfi. Na sa tukunyar a kicin, fitilun gidan duka suka ɗauke, surukata ta yi salati daga banɗaki. Mai gyaran wuta ya zo ya ce soket ɗaya ne zai ɗauke ta, na na'urar sanyaya ɗakina. Wato ko in sha sanyi ko in yi kunu. Haka tukunyar ta tare a ɗakina, kusa da gado, ni da ita muna zufa. Tun rasuwar Hajiya ba a sami abin da ya hana ni jin daɗin ɗakin ba sai ita, har na ji kamar na sake aure.

Tsiro kuma, Hajiya na dawa take amfani da shi, mata 'yan uwanta ke kawo mata daga gida lokacin Umara. Ni ba wanda ya tuna da ni. Na je wurin mai sayar da hatsin tattabaru na sayi sha'ir, ya yi min addu'a don yana zaton tsuntsayen Allah zan ciyar. Na jiƙa, na rufe da jiƙaƙƙen buhu, ya fito da fararen ƙafafu, na kai rufi na shanya. Tattabarun suka zo karɓar haƙƙinsu, na wuni da sanda ina shari'a da su.

Gwajin farko na murɗa zafin da yawa, kunu ya tsaya ƙiƙam, sai da na ci shi da cokali don kada a yi asara. Na biyu na yi ƙasa sosai na kuma bar shi ya daɗe, zafin Makka ya shiga, ya yi tsamin da ya sa na zubar. Ana saura 'yan kwanaki a ga wata na dace. Na ɗaga murfi na ga ya saki, na ɗago kwandon da dusar a ciki, na murɗa famfo ta cikin mayafin, na sa a baki. Ban ce ya kai nata ba. Amma na zauna a bakin gado na daɗe ban tashi ba. Da na tashi na ɗauki wuƙa na karce wurin a jikin abin murɗawar.

Sha'ir mai tsiro in ya ji ɗumi yana da wani ƙamshi, kamar burodi da zuma. Ɗana ya dawo daga aiki ya shaƙa tun daga ƙofa ya ce, "Abuya, gidan duk ƙanshin bira!" Muka yi dariya har da matarsa.

Dole in tsaya in yi wa mutanen gida bayani a nan. A garin nan kowane kantin unguwa, in ka buɗe firij, za ka ga kwalabe da gwangwanaye na ruwan sha'ir, wani da ɗanɗanon tuffa, wani na lemo, ba ɗigon abin maye a ciki. Yara na sha, tsofaffi na sha wai yana wanke ƙoda. Sunansa a bakin kowa bira. Farkon zuwana, da na ji wani dattijo mai gemu ya ce a ba shi bira mai sanyi, saura kaɗan in yi masa wa'azi. Daga baya kunne ya saba, har na manta kalmar tana da wata ma'ana a wani wuri.

Azumi ya kama. Yammar farko na ajiye kular dab da ginshiƙi, ladan ya kira, aka ci dabino, kofuna suka miƙo. Bazazzagi ya fara sha, ya lumshe ido ya ce, "Allah ya jiƙan Hajiya, ya bar magaji." Sai addu'ar ta zagaya sufrar, wannan ya faɗa wancan ya faɗa, har Bangalin da ke share masallaci ya koyi faɗa da Hausa. Na yi ta cewa amin.

Cikin masu sha akwai wani ɗalibi daga gida, ya zo karatun addini bai cika shekara ba. Dogo, mai tsabta, wandonsa bai kai idon sawu ba, yana durƙusawa in zai gaishe ni, abin da ɗana bai taɓa yi ba. Bayan la'asar yana yi mana ɗan karatu da Hausa, mu da huɗubar Larabci ke wuce mu ta sama. Ina ce masa Ustazu, yana ce min Baba. Kofi biyu yake sha, ya ce tun barinsa gida bai ji abin da ya tuna masa da mahaifiyarsa kamar wannan ba. Ina son yaron, kuma har yau ban ce mugu ba ne. Da mugu ne da abin ya zo min da sauƙi.

Wata yamma bayana ya riƙe, ɗana ya ɗauko min kular. A ƙofar masallaci ya haɗu da abokansa haifaffun nan, suka tsokane shi wai ya zama ɗan dako. Ya ce musu da Larabci, yana dariya, babansa ya buɗe masana'antar bira a ɗakin kwana, har da inji daga waje. Suka ƙyalƙyale. Ustazu na gefe yana cire takalmi. Larabcinsa na littafi ne, ya fi na ɗana nahawu nesa ba kusa ba, kuma a littafi kalmar nan ma'anarta ɗaya. Yammar nan na lura ruwa kawai ya sha.

Washegari bayan azahar ya yi sallama a gida. Na ji daɗi, na shigar da shi ɗaki, na nuna masa tukunyar kamar mai nuna jika. Ya dubi buhun sha'ir, ya dubi tsiron da ke tire, ya dubi ƙofar da na rufe don zafi kada ya dami mutanen gida. Ya fito da waya ya ɗauki hoton kwalin, ya ɗan latsa, sai ya miƙo min.

Tukunyata ce. Famfon, kwandon, agogon, komai. Wani jan Bature mai tumbi na tsaye kusa da ita yana ɗaga kofi mai kumfa.

"Baba, ka san abin da aka ƙera ta domin shi?"

"Romo, in ji ɗan Yaman."

"Giya ake dafawa da ita, Baba. Da tsiron sha'ir, a wannan ɗumin da ka karce."

Na ce, "To Allah ya shirye ta, ta zo Makka ta tuba. Kai ba ka taɓa ganin wanda ya musulunta ba?"

Bai yi dariya ba. Ya ce, "Ɗanka da bakinsa ya ce bira."

Na sa takalmi na ja shi har kantin ƙasan bene, na buɗe firij na nuna masa. Na ce ga bira nan jere, ga yaro can ya saya wa uwarsa ta buɗa-baki, a kama mai kantin mana. Ya karanta jikin kwalbar a tsanake, ya mayar, ya ce ya gani, shi wannan ɗin ma ba ya sha, kuma ita aƙalla an rubuta abin da ke ciki. Nawa kunun fa, wa ya auna shi?

"Ustazu, uwarka ba ta yin kunun zaƙi da tsiro?"

"Tana yi."

"Ba ya kwana?"

"Yana kwana. Amma da dawa, a roba, a tsakar gida kowa na gani. Baba, ban ce ka yi haram ba. Na ce akwai shubuha. In ya ƙara yini a zafin nan me zai zama?"

"Ya lalace in zubar. Kai ma in ka ƙara yini a zafin nan ba wanka me za ka zama?"

Ya sunkuyar da kai ya ce Allah ya huci zuciyata, shi amana ce a wuyansa, masu azumi ne ke sha. Ya durƙusa ya yi min sallama. Ya bar ni da tambayarsa ta wa ya auna. Harshena ne ma'aunin, harshen tsoho kuwa ba ya cikin littafi.

Bai yi wa'azi a kaina ba, wannan na shaide shi. Tambaya kawai ya tura wa wani malaminsa, da hoton, ba suna. Malamin ya amsa da murya, amsa mai tsawo mai cike da idan da amma. Wani ya tura wa wani. Kafin Juma'a idan da amma sun zube a hanya, abin da ya rage shi ne wani tsoho a Utaibiyya yana dafa giya yana kai wa masallaci. Shuɗiyar kula kuwa guda ɗaya ce a unguwar. Har ƙanwata ta kira daga Kano tana kuka, wai Yaya me ya yi zafi, in baƙin cikin rasuwar ne a yi maka addu'a.

A sufra ba wanda ya ce min komai. Gaisuwa ma ta ƙaru. Kofuna ne kawai suka daina miƙowa. Wanda ke zama kusa da ginshiƙi ya gano iskar fanka ta fi kyau a can ƙarshe. Bangalin, da ba ya jin Hausa balle jita-jita, ya sha kwana biyu, sai wani ya ja shi gefe ya taimake shi da fassara.

Bazazzagi ya yi min jarumta yamma ɗaya. Ya cika kofi ya miƙe tsaye ya ce, "Jama'a, ku gani, in na fara rawa ku riƙe ni." Ya shanye, wasu suka yi murmushi suna kallon leda. Washegari ya zo da labarin likita ya hana shi zaƙi. Ina kallonsa yana cin dabino bakwai-bakwai da basbusa, kek ɗin nan mai ɗigar ruwan sukari.

Na ce, "Likitan Bazazzagi ne?"

Ya ce a hankali, ba wasa a muryar, "Bakano, 'yata na da manemi. Dangin yaron a sahun gaba suke salla."

Na ɗauki kular a cike na koma da ita, nauyinta ya fi na zuwa. Surukata ta sha kofi ɗaya a tsaye a kicin don ta faranta min, sauran na tuttule a magudana, don kunu ba ya jiran a wanke shi daga zargi.

Na je wurin liman, dattijo ne haifaffen nan, kakanninsa mutanenmu ne. Ya rungume ni ya ce ya sha kunun Hajiya tun yana saurayi, ya san tsarkinsa kamar yadda ya san sunansa. Na ce to ya faɗi haka bayan salla, jimla ɗaya. Ya ce in ya faɗa a lasifika, waɗanda ba su ji ba ma za su ji, kuma kalmar nan ba a son ta fito daga masallaci ko da a korewa ne. Ya ce in ɗan dakata bana, ƙura ta lafa. Ya ce Allah ya san niyyata. Na ce ai Allah ban same shi da shakka ba, bayinsa na zo a yi wa magana.

Abin da ya gama da ni a gida ya faru. Ɗana ya dawo da rana, ba lokacin tashinsa ba, fuskarsa ba jini. Wani direba a wurin aiki ya tambaye shi, cikin wasa, ko za a samu kwalba ɗaya. Ya ce, "Abuya, wannan ba Najeriya ba. Kalma ɗaya ta je inda bai kamata ba, aikina ya tafi, hukuma su zo su duba gida, kai da takardar zamanka a hannun kafili, wanda ya tsaya maka. Min fadlak, don Allah."

Na ce, "Wa ya fara faɗin kalmar?"

Ya buɗe baki, ya nemi Hausar da zai ba ni haƙuri da ita bai samu ba, don uwarsa ce ke ba ni haƙuri a madadinsa tun yana yaro. Ya ce ma'alesh. Ya shiga ɗakina ya zare wayar tukunyar, ya mayar da ta na'urar sanyi, ya kunna min, wai in huta. Tsiron da ke tire ya juye a leda ya ɗaure bakinta sau biyu kamar mai fitar da gawar ɓera. Ban hana shi ba. Yana da 'ya'ya, ni kuma a gidansa nake cin tuwo.

Goman ƙarshe na je sufra hannu rabbana. Dab da ginshiƙi an jera katan na nono a roba, kowace da murfinta a liƙe da kwanan wata a jiki, wani mai hali ya yi sadaka ba a san ko wane ne ba. Ustazu ne ke rabawa. Da ya zo kaina ya durƙusa, ya ɓare min murfin da hannunsa, ya ce, "Bismillah, Baba." Ladabin yaron nan ba shi da na biyu.

Aka kira salla, na ci dabino, na kurɓi nonon. Sanyi ƙalau, ba shubuha ko kaɗan, ba kuma ɗanɗanon hannun kowa. Na saurara. Ana ta tauna, ana miƙo sambusa, wani na neman gishiri. Sai na faɗa da kaina, ba da ƙarfi ba, na ce Allah ya jiƙan Hajiya.

Wani baƙo da ke gefena, ɗan Umara ne daga gida, ya ajiye robarsa da sauri ya juyo.

"Amin, amin. Alhaji, rasuwa aka yi?"